Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna fari-fari a jijiyar Baba

Ɗan Gwale:
Salam jama'a, don Allah masu sani ku taimaka. Ranar Talata Baba ya tashi alwalar asuba buta ta suɓuce masa, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, bakinsa ya ɗan karkace, kafin mu samo adaidaita abin ya sake shi. An yi masa hoton CT na kai, likita ya nuna min wani fari-fari kamar ɓawon ƙwai jikin jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, wai kalsiyam, sinadarin da ke cikin ƙashi, ne ya taru. Wallahi na kasa barci. Jijiyar ta toshe kenan? Ni ma shekarata 41, in je a yi min tun da wuri?

Ta Fagge:
Allah ya ba Baba lafiya. Anya ba kunun kanwa ba ne ko yawan nono? A ɗan tsayar masa.

Nas daga Tarauni:
Hajiya ba ruwan kanwa da nono. Shekaru ne ke kawo shi, sai hawan jini da suga da sigari da ciwon ƙoda. Yayana, CT yana nuna kalsiyam fari tas kamar ƙashi amma bai faɗa maka yadda hanyar jinin ta tsuke ba, wani a bangon jijiyar kawai yake jini na wucewa abinsa. Sanin tsukewar sai an yi wanda ake allurar ruwan da ke haska jijiya, shi kuma a fara duba ƙodarsa tukuna, ko wani hoton da ake kira MRI, ko sikanin jijiyar wuya.

Ni abin asubar nan ne ya fi tayar min da hankali, gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ne, kuma kwanakin farko sun fi haɗari. Ku kai shi wajen likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano cikin satin nan. In ya sake dawowa ko tsakar dare ne ku fita, addu'ar a yi a hanya, allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake so a yi ta.

Kai kuma tunda ba ka da wata alama kar ka kashe kuɗinka a hoton, je a auna maka hawan jini da suga.

Ɗan Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yanzu Umma ke faɗa min ashe ya bar shan maganin hawan jininsa tun bayan sallah. Gobe da sassafe zan kai shi insha Allah.