Waken suyana ya fito ɗaiɗai, in sake shuka ko in bar shi?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyu ba na barci. Bara masara na yi a gonar gadonmu, wuta-wuta ta cinye ta, sai ƙanina ya ce in juya zuwa waken suya. Kuɗin huɗa ma kwasar adashin uwargida ce, da alkawarin biya da kaka, kuma yayana dama cewa yake a ba da gonar haya. Irin TGx 1448-2E ne, wani abokina ya ba ni. Kwana goma ke nan da shuka, kunya guda sai ka taka taku uku kafin ka ga tsiro. Na tona, ƙwayar ta ruɓe ta yi baƙi. Yau 12 ga Yuli.

Alhaji na Soba: Wa alaikumus salam. Irinka ya mutu tun a buhu. Waken suya ba dawa ba ne, in ya daɗe a ɗaki mai zafi ba ya tsira. Kuma 1448 sai ya ci kusan wata huɗu, in ka sake shuka shi yanzu ruwa zai ɗauke ya bar ka. Ka nemi ingantaccen iri TGx 1835-10E, kwana 90 ne da ɗoriya, ga shi yana jure cutar tsatsa. Dukansu daga cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan suka fito. Shekara ashirin ina wannan harka.

Baban Khalifa: Alhaji, iri ba shi da laifi, da idona na ga gonar abokin nawa. Ina jin kurciyoyi ne.

Alhaji na Soba: Kurciya ce ta shiga ƙasa ta ruɓar da shi? Gonar da ka gani ta yaushe ce?

Baban Khalifa: Ta bara waccan.

Manomin Doguwa: Ni kam kar ka saki 1448. Kwansonsa ba ya saurin fashewa, ko girbi ya makara ba za ka tarar da wakenka a ƙasa ba. Ka cike gurbi kawai ka watsa yuriya.

Alhaji na Soba: Yuriya kuma? Ganye zai tara maka. Saiwarsa da kanta take haɗa takinta, ka tuge guda ka ga 'yan ƙulle-ƙullen. Takin sufa yake so.

Maman Ilham: Ku dai ku ji tsoron Allah wajen casa. Tiya biyar na saya don awara, rabin kwano tsakuwa na tsince, mai injin markaɗe har ya yi min faɗa.

Abu Sadik: Wane ingantaccen iri? Bara wani dila ya sayar min da na kasuwa a leda mai tambari, har yau muna gaban mai unguwa. Malam, kai a ina gonar take ma? Eka nawa?

Baban Khalifa: Na gode duka. Kuɗin sabon iri dai babu, kuma akwai ragowar tiya shida na wancan. Ina ganin shi zan cike da shi jibi.

Alhaji na Soba: Ƙirga ƙwaya ɗari ka binne a bayan ɗaki, ka ba shi kwana biyar tukuna.

Baban Khalifa: Alhaji, kwana biyar ai Yuli ta raba.