Maigida yana ɗauke numfashi a cikin barci: wa ya taɓa gwada robar da likitan haƙori ke haɗawa?

Maman Walida, Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga wanda ya taɓa amfani da abin da zan faɗa, ko ma'aikacin asibiti in akwai a cikinmu.

Maigidana direba ne, yana lodin Kano daga tashar Kwangila da ke Zariya, shekarunsa 47. Tun da aka kawo ni gidansa yake minshari, har na saba, yara ma sun saba. Amma tun da ya ƙara jiki a 'yan shekarun nan abin ya sauya kama. Minsharin zai yi ta hauhawa, sai kawai ya yanke ɗif. Ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka, amma iska ba ta shiga ba ta fita. Ina zaune ina kallonsa gabana na faɗuwa, sai can ya zabura ya ja wani irin gurnani, ya juya ya ci gaba da barcinsa. Da safe in na ba shi labari ya ce shi bai san an yi ba. Yana yawan tashi fitsari cikin dare, ya wayi gari da ciwon kai da bushewar baki, in kuwa ya zauna a tabarma bayan la'asar, kafin a kawo masa ruwa ya fara gyangyaɗi. Hajiyarsu ta ce dannau ne. An yi tofi an sha rubutu, Allah ya saka mata da alheri, amma abin yana nan.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wani maƙwabcinmu da ya bi motarsa. Ya ce gab da Kwanar Dangora ya ga mota tana barin hannunta, da ya waiga sai ya ga idon direba a lumshe, sai da ya dafa kafaɗarsa. Rai bakwai ne a cikin motar nan.

Likitan da ke duba shi kan hawan jini ne ya fara tambaya ko yana minshari, domin magani kala uku yake sha jinin ya ƙi sauka. Shi ya tura mu wani asibitin kuɗi a Abuja aka yi masa gwajin barci, ya kwana da wayoyi a jiki da wani abu a yatsa. Sakamako ya nuna numfashinsa na tsayawa ko raguwa sau 24 a kowace awa. Likitan ya ce hanya biyu ce: ko na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, ko wata roba da likitan haƙori zai haɗa masa daidai da bakinsa, ya riƙa kwana da ita.

Na'urar ta fi ƙarfinmu a yanzu, ga kuma yadda wuta take a unguwarmu, sannan wani lokacin in dare ya yi masa a tashar Kano yake kwana. Shi ya sa hankalina ya fi karkata ga robar. To tana aiki kuwa da gaske? Na kuma ga wasu masu araha ana tallarsu a intanet, wai a ruwan zafi ake tsomawa mutum ya ciza ta ɗauki siffar haƙoransa. Ko ita zan saya masa mu huta?

Abban Sadik, Samaru:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, Maman Walida. Ni ina amfani da ita, don haka abin da na gani a bakina zan gaya miki.

Guda biyu ce a haɗe, ɗaya tana hawa haƙoran sama ɗaya na ƙasa, da ɗan ƙarfe a tsakani wanda ake murɗawa. In na sa ta, muƙamuƙina na ƙasa yana ɗan turowa gaba, ya tsaya a nan har asuba. Farkon sawa ba daɗi, gaskiya. Miyau ya yi ta zuba har matashi ya jiƙe, da safe kuma gefen kunnena yana tsami. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne in na cire ta, haƙoran baya ba sa haɗuwa nan take. Na gaba ne ke fara gogar juna, sai na ɗan motsa baki na wani lokaci kafin su koma mazauninsu. Likitan ya ba ni wata 'yar roba da nake cizawa da safe saboda haka. Da azumi sai na riƙa cire ta tun kafin a zuba sahur, in fara da kunu, domin in na kai nama baki a lokacin ba ya taunuwa.

Amma ladan wahalar ya fito. Da can ko huɗubar Juma'a ba na iya ji har ƙarshe ba tare da barci ya sace ni ba, yanzu kuwa idona biyu. Uwargida ta dawo ɗaki, da falo take gudu. Robar kuwa wanke ta kawai nake yi da buroshi da ruwan sanyi, in shanya ta a gwangwaninta. Kada a kusantar da ita ruwan zafi, lanƙwashewa take yi.

Ɗan Birni:

Hajiya, ki sa a duba belinsa. Wani abokina haka ya yi ta fama, wanzami ya cire masa beli, ya ce minsharin ya ragu. Ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba.

Likitar Haƙori:

Salamu alaikum. Sannu da ƙoƙari Maman Walida, samun matar da za ta zauna ta lura da numfashin mijinta har a kai ga gwaji ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin masu wannan ciwo ba su san suna da shi ba, na kusa da su ne ke gani.

Malam Ɗan Birni, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma don Allah kada a kai shi wurin wanzami. Babban mutum mai hawan jini a sa masa aska a maƙogwaro, jini na iya ɓallewa, ga haɗarin ƙwayoyin cuta daga kayan aikin. Kuma toshewar ba a beli kaɗai take ba. In mutum ya yi barci naman maƙogwaro yana saki, gindin harshe ya koma baya, ganda mai laushi ta sauko, bangon maƙogwaron ya matso, sai hanyar iska ta rufe kamar tiyon ruwa da aka taka. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da shi na ɗan lokaci don ya ja numfashi, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau. Haka zai kwana yana yi. Shi ya sa maganin hawan jinin ya ƙi kama shi, shi ya sa kuma yake wuni a gajiye ko da ya yi awa takwas a kwance. In an yanke beli ƙarar na iya raguwa, toshewar kuwa tana nan.

Lissafin da aka ba ku haka ake karanta shi. Ana ƙirga duk tsayawa ko raguwar numfashi da ta kai sakan 10. Daga 5 zuwa 14 a awa mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Nasa 24 matsakaici ne, kuma masu sauƙi da matsakaita su ne robar ta fi yi wa amfani. Harshe a jikin muƙamuƙin ƙasa yake liƙe, don haka in an turo muƙamuƙin gaba da 'yan milimita, harshen yana biyo shi, bayan maƙogwaro ya buɗe.

Ba zan ɓoye miki ba, CPAP ta fi ta ƙarfi. Tun da wani likita a Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981, ita ce kan gaba wajen rage tsayawar numfashi. Matsalarta mutane da yawa ba sa jure abin rufe hancin, sai su cire shi tsakar dare ko su ajiye na'urar gaba ɗaya. Robar kuwa an fi jure kwana da ita har safe, shi ya sa amfanin da mutum ke samu a ƙarshe yakan zo kusa da juna. A 2015 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka da ta likitocin haƙori masu kula da barci suka fitar da ƙa'ida tare, cewa wanda ya kasa jure CPAP ko ya fi son wata hanya a ba shi robar, amma wadda aka haɗa daidai da bakinsa, wadda ake iya ƙara mata tazara, kuma a hannun ƙwararren likitan haƙori.

Ta intanet ɗin nan ban ba ki shawararta ba. Ba ta kama haƙori da kyau, takan fita cikin barci, tana da kauri, kuma ba wanda ya auna iyakar inda muƙamuƙinsa zai iya zuwa. Abin da na fi tsoro shi ne ta rage ƙarar minsharin, ke ki samu barci, ku ɗauka an warke, alhali numfashin yana ci gaba da tsayawa. Ko wadda muke haɗawa ba kowa take yi wa aiki ba, akwai wanda za a sa masa lissafinsa ya ƙi sauka yadda ake so. Saboda haka in an gama daidaita ta, dole ya koma a sake gwajin barcin da ita a bakinsa. Ku sa kuɗin wannan gwaji na biyu a lissafinku tun yanzu.

Kafin a haɗa sai an duba bakin. Ana son haƙora masu ƙarfi kamar takwas zuwa goma a sama, haka a ƙasa, dasashi lafiya lau, babu mai girgiɗi, kuma gaɓar muƙamuƙi ba ta ciwo ba ta maƙalewa. Sai a ɗauki zubin haƙoran, a auna yadda yake iya turo haɓarsa, a fara daga wajen rabin wannan, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni. Abin da Abban Sadik ya faɗa na miyau da tsamin muƙamuƙi gaskiya ne, yawanci yana wucewa. Wanda ba ya wucewa shi ne in shekaru suka tafi haƙora na iya ɗan gusawa, cizo ya sauya, don haka a riƙa zuwa dubawa duk wata shida a farko, daga baya shekara-shekara.

Hajiya Umma, Sabon Gari:

Ni Alhaji CPAP yake amfani da ita, nasa ya haura 50 a awa, likita ya ce roba ba za ta wadatar ba. Kada maganar wuta ta sa ku cire ta daga lissafi gaba ɗaya, in an kashe wurin da ke ɗumama ruwan da ke jiƙa iskar na'urar ba ta cin wuta sosai, batirin solarmu yana kai ta asuba.

Amma ni maganar tuƙin ce ta tsaya mini a rai. Ƙanwata, ki roƙe shi ya ajiye doguwar hanya har a fara magani. Na san abinci a nan yake, na san ba a gaya wa magidanci ya zauna a gida cikin sauƙi, to amma ya ba wani amintacce motar su riƙa rabawa. Goro da shayi ba sa hana irin wannan barcin. Sannan ya daina kwanciyar rigingine, ya kwanta ta gefe, ki tokare masa baya da matashi. Maganin sa barci da maganin tari mai sa maye ya nisance su, ƙara sakin maƙogwaron suke yi. In ya rage tumbi ma zai ga bambanci, Alhaji da ya rage tuwon dare ya koma tafiya masallaci da ƙafa sai da aka rage masa ƙarfin iskar na'urar.

Maman Walida, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta masa duka jiya bayan isha'i. Maganar Hajiya Umma ta yi masa nauyi, ya yi shiru, amma da safen nan ya kira ƙanensa ya ba shi makulli, ya ce a yi haka zuwa a ga hali. Na fasa sayen ta intanet.

Likita, saura abu guda. Shi mai cin goro ne sosai, an taɓa cire masa haƙorin turmi ɗaya a ƙasa, kuma in ya yi asuwaki dasashinsa na fitar da jini. Wannan zai hana a yi masa?

Likitar Haƙori:

Turmi ɗaya ba zai hana ba in sauran suna da ƙarfi. Jinin dasashin ne sai an fara magance shi, domin robar a jikin haƙora take rataya duk dare, in gindinsu ba lafiya za ta ƙara girgiza su. Ku je sashen haƙori na asibitin koyarwa da ke Shika a wanke masa haƙoran, a ɗauki hoto a ga ƙashin da ke riƙe da su. Ku tafi da takardar gwajin barcin da magungunan hawan jinin duka a leda, domin akwai wanda a cikinsu yake kumbura dasashi, likitan zai so ya gani. Ku tambaye su a nan wa ke haɗa irin wadda ake murɗawa, in ba a yi a kusa su rubuta muku takarda zuwa inda ake yi. In akwai haƙorin da ke bukatar ciko a cike shi tukuna kafin a ɗauki zubi, in ba haka ba robar ba za ta zauna ba bayan an yi cikon.