Ƙuncin rai da tada komaɗa: neman kalmar Hausa

1/
Jama'a, kalmomi biyu nake nema. Ta farko sunan ciwon da Bature ke kira "depression". Ta biyu sunan wata dabarar jinyarsa, "behavioural activation". Ta farkon muna da abin da muke lallaɓawa da shi, ko da yake bai kwanta mini ba. Ta biyun kuwa da Turancinta nake jin ta a bakin ma'aikatan asibiti. Ku biyo ni, zaren yana da ɗan tsawo.

2/
Ga abin da ya jawo maganar. Shekara biyu da suka wuce yayata ta haihu. Aka yi suna, aka gama wankan jego, aka yi arba'in ta koma ɗakinta. Daga nan muka rasa gane kanta. Mace mai son kitso da lalle ta yi wata guda kanta a tsefe. A dama mata kunun gyaɗa, ta kurɓa sau biyu ta ture, ta ce ba ta jin ɗanɗanonsa. Ƙarfe uku na dare ta farka, idonta biyu har assalatu. Jariri na kuka ta zuba masa ido kamar ɗan maƙwabta, can kuma ita ma ta fashe da nata kukan, wai ita muguwar uwa ce.

3/
An yi tofi, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Daga ƙarshe muka kai ta asibiti. Likita ya gama tambayoyinsa ya faɗi sunan ciwon da Turanci. Inna ta ce, "Likita, da Hausa fa?" Ya ce, "Ciwon damuwa ne, Hajiya."

Inna ta juya. "To ke 'yar nan, me ya dame ki? Ga miji, ga ɗa, ga abinci. Faɗa mana a gyara."

Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Inna ba komai."

Gaskiya ta faɗa. Kuma a nan na ga inda kalmar take yoyo.

4/
A Hausa damuwa tana da uba. Kuɗin haya ne, ko jarrabawa, ko kishiya, ko yaro ya ƙi karatu. Da ka ce wa Bahaushe "damuwa", sai ya shiga neman abin da ya haife ta. In ya samu ya ba ka haƙuri. In bai samu ba ya yanke hukunci da kansa: rashin godiyar Allah ne, ko shagwaɓa, ko iska. Duka ukun an jefi Yaya da su, wasu a gabanta.

Na san "ciwon damuwa" ya riga ya bi rediyo da jaridu, ba kuma yaƙi na zo yi da shi ba. Amma akwai wani ciwon daban, na fargaba da zullumi da faɗuwar gaba ba dalili, wanda ya fi cancantar sunan. In muka ba wannan, wancan fa?

5/
Kafin raɗa suna a ga jaririn. Yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta siffanta shi: mutum ya wuni cikin ƙunci, ko ya daina jin daɗin abin da a da yake so, kusan kullum, har aƙalla mako biyu. Barci ya lalace, cin abinci ya canja, jiki ya mutu, tunani ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, mutum ya riƙa ganin ba shi da amfani. Hukumar ta ƙiyasta masu fama da shi sun kai miliyan 280 a 2019. Mata sun fi maza, kuma cikin masu ciki da masu jego ya wuce kashi 10 cikin 100.

6/
Masu son fassara kai tsaye: asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta a danna abu ƙasa. Faransanci ma ita ya ɗauka, don haka 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san ta. To in mun bi wannan sai mu ce "dannau". Kash, mai suna ya riga mu. Dannau shi ne wanda ke haye maka ƙirji cikin barci ka kasa ko motsa yatsa. Kamar da akwai, amma a bar masa kayansa.

7/
Sauran da na gwada na ajiye.

"Baƙin ciki" fuska biyu gare shi. Ka ce wance tana da baƙin ciki, rabin masu ji za su ɗauka hassada kake nufi. "Ciwon zuciya" na masu hawan jini ne. "Mutuwar zuciya" zagi ne, abin da ake faɗa wa ƙato mai zaman kashe wando, kuma shi ne ainihin ƙazafin da ake wa masu wannan ciwon.

"Taɓin hankali" kuwa, wanda ya furta shi a gidanmu ranar nan da ba a sake komawa asibitin ba. Hankalin Yaya ras yake, ta san kowa, ta san ranar wata. Ko gwamnati ta gane nauyin suna: a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, ta maye gurbin ta 1958 wadda sunanta ma "dokar hauka" ne.

8/
Inda na tsaya: CIWON ƘUNCIN RAI.

Ƙunci matsi ne. Ɗaki mai ƙunci ba ya buƙatar wani ya ɓata maka rai kafin ka ji numfashinka na sarƙewa. Kalmar ba ta tilasta a tambaye ka "me ya faru", tana siffanta yadda abin yake daga ciki ne kawai. Duniya na nan da faɗinta, kai ne ta yi wa kaɗan.

Sannan kunnen Musulmi ya saba da ita ba tare da jin ƙyama ba. A ƙarshen Suratul Hijri Allah Ya gaya wa Annabi (SAW) Ya san ƙirjinsa na ƙunci saboda abin da suke faɗa. Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Ba cewa nake ciwon asibiti ake nufi a can ba. Cewa nake ba wanda zai ji "ƙunci" ya ce raunin imani ne.

"Ciwon" da ke gaba dole ne. Shi ke raba shi da ƙuncin yini ɗaya da kowa ke yi. Wannan rabewar ma ba Turawa suka fara ta ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya bambanta baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki, a nema masa magani.

9/
Inda sunan ya gaza, don kar wani ya riga ni: wasu masu ciwon ba ƙunci suke ji ba, ba sa jin komai ne. Kamar miya ba gishiri, ba daɗi ba ɗaci. Hausa na da "sukuku" da "jugum" don wannan, amma ba zan iya ce wa likita ya rubuta "ciwon sukuku" a kati ba.

10/
Wani zai ce duk wannan wasan malaman harshe ne. A duba Zimbabwe. Mutanen Shona suna ce wa irin wannan hali "kufungisisa", wato yawan tunani. Likita Dixon Chibanda ya ɗauki kalmar mutane yadda take, a 2006 ya fara ajiye benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, ya horar da kakanni mata su zauna su saurari masu zuwa. Matakan jinyar ma da harshen Shona aka raɗa musu suna. Wanda ba zai taɓa shiga ɗakin likitan ƙwaƙwalwa ba ya zo ya zauna kusa da tsohuwa. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi waɗanda ba su zauna ba samun sauƙi nesa ba kusa ba.

11/
Yanzu kalma ta biyu, wadda ta fi ci mini rai.

Ciwon nan yana da tarko. Ba ka jin yin komai, sai ka bari. Ka daina zuwa majalisa, ka daina buɗe shago, ka ƙi ɗaga waya. Duk ƙofofin da ɗan daɗi ke shigowa ka rufe su da hannunka, ƙuncin ya ƙaru, gobe ka ƙara kasa tashi. Kowa na jira zuciya ta warware sannan jiki ya motsa.

Dabarar ita ce a juya abin. Jiki ya fara, zuciya ta biyo baya. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Lewinsohn ya aza harsashinta a Amurka a shekarun 1970. A 2016 aka buga wani gwaji na Ingila da mutum 440: ƙananan ma'aikatan lafiya suka bi da rabinsu ta wannan hanya, ƙwararru suka bi da sauran ta hanyar gyaran tunani mai tsada. Bayan shekara guda sakamakon ya zo daidai. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci irin tamu, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

12/
Ga yadda na gan ta da idona. Bayan an ɗora Yaya a kan magani, wata nas ta yagi takarda ta rubuta mata aiki uku kacal. Da hantsi ta fito da tabarma ta zauna a rana minti goma. Ta share ƙofar ɗakinta, ba tsakar gidan duka ba. Bayan la'asar ta leƙa maƙwabciyarta ko da gaisuwa ce a tsaye.

Yaya ta ce, "Sista, ba na jin yi."

Ta ce, "Na sani, Maman Baby. Ba cewa na yi ki ji ba. Ki yi kawai, ki sa alama a takardar."

Makon farko alama huɗu ta samu cikin ashirin da ɗaya. Nas ɗin ba ta yi faɗa ba, ta tambaye ta wanne ne cikin huɗun ya ɗan fi sauƙi. Ashe zaman hantsi ne. Aka ƙara masa tsinkar zogale, tunda hannu na aiki baki na iya yin shiru ba wanda zai tsargu. A mako na biyar na shiga na tarar ana yi mata kalaba, tana yi wa mai kitson mitar ta cika ja.

13/
To me za mu kira wannan?

"Motsa jiki" yana da mai shi, kuma ɓangare ne kawai. "Nishaɗantarwa" ƙarya ce, don da farko ba nishaɗin ko kaɗan. "Ɗebe kewa" ya yi sanyi. Wani abokina ya ce "farfaɗo da ɗabi'a". Daidai ne a takarda, amma faɗa wa Inna ka ga ko za ta gane.

14/
Shawarata: TADA KOMAƊA.

Ku tuna asalin maganar. Kwanon silba ya faɗi ya komaɗe. Mai gyara ba ya yi masa wa'azi, ba ya kuma maka masa guduma sau ɗaya, sai ya fashe. Ta ciki yake bi, ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana juya shi, har lotsawar ta taso. Alamomin takardar Yaya ke nan.

Abin da ya ƙara burge ni: a Turancin ma kalmar ciwon tana nufin wurin da ya lotsa, kamar kwari a ƙasa. Ashe hoton ɗaya ne. Su suka sa wa ciwon sunan lotsawa, mu kuma tun tuni muna da sunan tayar da ita.

Na san za a ce ai tada komaɗa ta ɗan kasuwar da ya karye ce, ko ƙungiyar ƙwallon da aka ci biyu ta farke. Haka ne, kuma shi ya sa nake son ta. Ba kunya a cikinta. Magidancin da zai mutu bai ce "ina jinyar ƙwaƙwalwa" ba, zai iya ce wa abokansa "komaɗa nake tayarwa". In ana tsoron ruɗani a rubuce, a ce "tada komaɗar rai".

15/
Abin da ke shiga ƙarƙashinta: tashi a lokaci ɗaya kullum ko an yi barci ko ba a yi ba, ganin hasken safe, tafiya a ƙafa, cin abinci a kan lokaci, sallah cikin jama'a ga mai zuwa masallaci, da komawa ƙaramar sana'ar hannu da aka yasar. Tafiyar ba tatsuniya ba ce. A 2024 an tattara gwaje-gwaje 218 aka ga tafiya, sassarfa da ɗaga nauyi duk suna rage ciwon. Sharaɗin dai a fara da abin da ya yi ƙanƙanta har ya ba ka dariya.

Abin da ba ya shiga: tiramol, kodin, wiwi, da kwana ana latsa waya. Waɗannan cika ramin suke da ruwa, da safe ya fi jiya zurfi.

16/
Kar a ɗauki zaren nan a je a hana wani magani. In ciwon ya yi nauyi, tada komaɗa abokiyar tafiyar magani ce. Ƙwayoyin sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, ba a kuma yanke su rana ɗaya don an ji sauƙi. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko yana tunanin illata kansa ko jaririnsa, ba takardar alama zai jira ba, asibiti za a kai shi a ranar, kar kuma a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa: Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na tarayya a Maiduguri. Ko babban asibitin garinku ma mafari ne.

17/
Gwajin ƙarshe, a saka su a baki:

"Likita ya ce ciwon ƙuncin rai ne, ba iska ba."
"An ba ta magani, an kuma ɗora ta a kan tada komaɗa."
"Yau me kika yi na tada komaɗa?"

A kunnena sun zauna. Sakkwatawa, Katsinawa, mutanen Damagaram da na zangon Kumasi, in akwai yadda tsofaffinku ke faɗa ku kawo, musamman wadda za ta kama rashin ɗanɗanon nan na lamba 9.

18/
Na gwada su a kan Inna jiya da daddare. Tada komaɗa ta karɓa nan take, har da cewa ai ita ma abin da ta yi ke nan shekarar da Baba ya rasu, da ta koma saƙar tabarma. Ƙuncin rai kuwa ta yi shiru, ta ce ya fi damuwa dai, amma yana da nauyi a baki. Ita har yau "ciwon nan na yayarku" take cewa.