Masu tura imel ga jama'a da yawa, ya kuke yi da saƙonnin da ke dawowa?

Dan_Kibod:
Salam 'yan uwa. Ni ke tura wasiƙar wata-wata ta ƙungiyarmu, kuma duk sanda na tura sai akwatina ya cika da saƙonnin nan na Mailer-Daemon wai ba a samu isarwa ba. Da hannu nake buɗe kowanne in nemo adireshin in goge, wlh na gaji. So nake in rubuta ɗan sikirif, wato ƙaramar manhaja mai yin aikin da kanta, duk adireshin da saƙonsa ya dawo kawai ya cire shi. Wanda ya taɓa yi dan Allah ya ba mu labari.

Baban_Saba:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka soma wannan "duk wanda ya dawo a cire", tsaya ka ji. Kowane saƙon da ya dawo akwai lamba a cikinsa, ita za ka karanta. 550 5.1.1 na nufin babu mai wannan adireshin, wannan kam cire shi ba shawara. Masu farawa da 4 na wucin gadi ne, sabarka ma da kanta za ta yi ta sake gwadawa, manhajar sabar imel ta Postfix misali kwana 5 yake riƙe saƙo a layi kafin ya haƙura in ba ka canja masa ba. Matsalar tana wajen masu 5 ɗin da ba mutuwa ba ce: 5.2.2 akwati ne ya cika, 5.7.1 da 'yan uwansa kuwa KAI aka ƙi, ba mutumin ba ne ya ɓace.
Inda nake aiki na gaji wani sikirif da wanda na canja ya bari, shi dokarsa ɗaya, in ya ga 5 a farko ya goge. Rannan aka taɓa bayanan domen ɗinmu (DNS), layin SPF mai nuna sabobin da aka yarda su tura imel da sunanmu ya lalace ba wanda ya lura, muka tura da yamma, wani babban kamfanin imel ya ƙi karɓa gaba ɗaya, kafin gari ya waye duk mai adireshi a kamfanin nan ya fita daga jerinmu, mutane masu rai da lafiya suna jiran wasiƙarsu. Allah ya so akwai bakof na daren jiya. Tun daga nan na sa masa birki, in dawowar ta yi yawa daga domen guda cikin awa ɗaya ya dakata ya turo min saƙo, kar ya taɓa kowa.

Ummu_Data:
Gaskiya ne Baba. Ni abin da ya fi ba ni wahala daban ne, saƙo ya dawo da adireshin da babu shi sam a jerina. Ashe mutum ya yi rajista da tsohon adireshi ya sa ana tura masa zuwa sabo, sabon ne ya mutu, to wa zan cire? VERP ne ya raba min gardama, dabara ce tun 1997 ta Daniel Bernstein mai manhajar imel ta qmail. Kowane mutum ka ba shi Return-Path nasa, wato adireshin da saƙo ke komawa in bai isa ba, kamar dawowa+4821@example.org, in ya dawo ba sai ka karanta komai ba lambar ta gaya maka ko waye. Kuɗinta kawai shi ne dole kowa a tura masa kwafinsa daban, ba a haɗa mutum hamsin a ambulan ɗaya ba.

sadiq_404:
Ku ƙara da masu "na tafi hutu zan dawo ranar Litinin" 😂 amsar nan ta atomatik akwatin dawowa take faɗawa ita ma. Na ga wani na tace su da layin Auto-Submitted da ke nuna na'ura ce ta turo saƙon, to ai saƙon dawowa na gaskiya ma sau da yawa yana ɗauke da wannan layin. Ni abin da nake dubawa ko saƙon multipart/report ne mai delivery-status, wato tsarin rahoton isarwa, sannan in leƙa layin Action. In failed ne in ƙirga, in delayed ne in share, sanarwa ce kawai cewa ana kan ƙoƙari.

Dan_Kibod:
Kai jama'a, ashe da sauran aiki. To wanda akwatinsa ya cika fa, sau nawa zan ƙyale shi?

Yaya_Hajara:
Ƙanina kwaikwayi Mailman, manhajar nan ta tura imel ga jerin mutane, sun riga sun yi tunanin. Maki yake bayarwa, dawowar dindindin 1, ta wucin gadi rabi, kuma sau ɗaya tak a rana ko saƙo goma ne suka dawo. In ya kai 5 sai ya dakatar da mutum, ya aika masa gargaɗi sau 3 mako-mako kafin ya cire shi, in kuma aka yi kwana 7 ba dawowa makin ya goge. Amma kai da kake turawa wata-wata kwana 7 ɗin nan ba zai maka ba, makin zai riƙa gogewa kafin wata wasiƙar ta fita, ka ja shi ya wuce wata biyu ko ka ce in ya dawo wata uku a jere.
Sannan kar ka GOGE, alama za ka sa masa. Mu sakatare ne ya zo da tsohon fayil ɗin Excel ya loda da kyakkyawar niyya, duk matattun da muka share suka dawo. Da a ce suna nan da alamar "kar a tura" da kwanan wata da lambar da ta jawo, da tsarin ya ƙi su.

Baban_Saba:
Wannan batu na Hajiya Hajara shi ne. Kuma in ta kamfani kake turawa ba wasa suke da shi ba, Amazon SES, sashen tura imel na Amazon, a rubuce yake, dawowa ta kai kashi 5 cikin ɗari su sa maka ido, ta kai 10 suna iya tsayar da kai. Daɗinsa dai su suke karanta lambobin su turo maka ta SNS, tsarinsu na aika sanarwa, Permanent (dindindin) ko Transient (wucin gadi), kai sai sa alama.

sadiq_404:
Tun Fabrairun 2024 ma Gmail da Yahoo sun tsaurara, mai tura 5,000 a rana zuwa Gmail dole SPF da DKIM da DMARC (hanyoyin tabbatar da cewa saƙon daga domen ɗinka yake) da maɓallin fita daga jeri na danna ɗaya, kuma ƙorafin sifam kar ya kai kashi 0.3. Ko ba ka kai yawan ba ka saita su Dan_Kibod, 5.7 ɗin nan da Baba ya faɗa galibi daga nan suke fitowa.

Dan_Kibod:
Na gode ƙwarai. Yaya Hajara, tsofaffin da na riga na goge da hannu fa, ba ni da jerinsu.

Yaya_Hajara:
In ba ka share saƙonnin Mailer-Daemon ɗin ba suna nan ai. Bi da sikirif ɗin a kansu ya ciro layin Final-Recipient (adireshin) da Status (lambar), masu 5.1.1 ka zuba su a jerin "kar a tura", sauran ka maido su ka ga me wasiƙar wata mai zuwa za ta yi.