Graffiti da Hausa: ni dai na tsaya a kan "zanen bore"

1/ Jama'a, akwai kalmar da ke ba masu fassara labaran ƙasashen Larabawa wahala: graffiti, wato rubutu ko zanen da ake yi a bango ba da izini ba. Asalinta Italiyanci ne, daga aikatau mai nufin kartar abu. Larabawa sun aro ta yadda take, suna kuma da tasu, jidariyya, daga jidar, wato bango, ga babban zanen da ya mamaye katanga. Mu kuwa kowa na kiran abin yadda ya ga dama. An kawo shawarwari, "rubutun bango", "zanen bango" da "zambon bango", ina so mu auna su mu tsayar da magana.

2/ Kafin a zaɓi suna, a san nauyin abin. A farkon 2011, bayan shugaba Ben Ali ya tsere daga Tunisiya ran 14 ga Janairu, Mubarak kuma ya sauka a Masar ran 11 ga Fabrairu, wasu yara a garin Dar'a na kudancin Siriya suka rubuta a bangon makaranta cewa "layi ya zo kanka, likita". Shugaban ƙasar na lokacin, Bashar Assad, suke nufi, don likitan ido ne. Jami'an tsaro ƙarƙashin Atif Najib, ɗan 'yar'uwar mahaifiyar Bashar, suka kama yaran suka gana musu azaba. Ran 18 ga Maris mutanen garin suka fito, aka buɗe musu wuta, wutar da ta ci Siriya shekara da shekaru.

3/ Malam, kai da ka ce "rubutun bango", ka yi gaskiya ta wani ɓangare. Abin da yaran Dar'a suka yi rubutu ne. Haka ma a Falasɗinu lokacin Intifada ta farko, tashin Falasɗinawa a kan mamayar Isra'ila, da ta ɓarke a Disamban 1987: an haramta tutarsu, ana tace jaridu, sai bango ya zama jarida. A nan ake sanar da ranar yajin aiki, a nan ake ta'aziyyar wanda aka kashe, kowace ƙungiya da launin fentinta, Hamas kore, Fatah baƙi, 'yan gurguzu ja. Da gari ya waye sojojin Isra'ila su tilasta wa maigida ya shafe, da dare matasa su sake rubutawa. To amma Malam, "an hana fitsari a nan" ma rubutun bango ne, haka tallan mai maganin basir da lambar wayarsa. Kalmar ta yi faɗi, kuma ta bar hoto a waje.

4/ "Zanen bango" kuwa yana da masu shi tuntuni. Na maginanmu ne, masu dagi da sauran ado a fuskar zaure, irin na fadar Zazzau da tsofaffin gidajen Kano da unguwar Birni a Damagaram. Maigida ne ke kiran magini ya biya shi, don a ga arziki da martaba. Wanda muke magana a kai ana yin sa ne ba da izinin kowa ba, galibi da dare, ido na kallon hanya.

5/ Duk mai son ganin iyakar abin ya dubi titin Muhammad Mahmud a Alƙahira, wanda ya tashi daga dandalin Tahrir ya nufi wajen da ma'aikatar cikin gida take a lokacin. A Nuwamban 2011 an yi kwanaki ana artabu a can, aka kashe mutum fiye da 40, 'yan sanda suna auna idon matasa da harbi har aka yi wa wani jami'i laƙabi da maharbin idanu. Sai Ammar Abu Bakr, malamin zane daga Luksor, ya jera fuskokinsu a katangar Jami'ar Amurka, kowa da bandeji a ido guda. Bayan kisan filin ƙwallo na Bur Sa'id ran 1 ga Fabrairun 2012, inda magoya bayan Al Ahly fiye da 70 suka mutu, aka zana samarin da fukafukai. Ala Awad, shi ma daga Luksor, ya kewaye su da mata masu makoki a salon zanen kaburburan Fir'aunoni. Iyaye mata sukan zo su tsaya gaban hoton 'ya'yansu. A Satumban 2012 hukuma ta shafe katangar da farin fenti, masu zanen suka dawo nan da nan suka rubuta mata: goge kuma, matsoraciyar gwamnati. Wannan ba ado ba ne. Maƙabarta ce da kotu da jarida a wuri ɗaya.

6/ Hajiya, shawararki ta "zambon bango" ita ta fi jan hankalina, don zambo namu ne, kuma akwai zanen da ke muzanta shugaba ƙiri-ƙiri. Amma ina za mu sa hoton yaron da uwarsa ke kuka a gabansa? Zambo ba ya makoki. Habaici da gugar zana kuma suna sakaya suna, alhali waɗannan da suna da fuska suke kama mutum.

7/ Wani abin da bangon ke yi shi ne amsa tambayar "mu su waye". Taken "ash-sha'ab yurid isƙaɗ an-nizam", jama'a na son kifar da mulki, ya tashi daga Tunisiya ya hau katangu daga Masar har Yaman ba tare da tafinta ba, harshe ɗaya ya ɗauke shi. Amma hotunan sun nuna Larabci bai ƙare bayanin kowa ba. Bamisire ya koma ga Fir'aunoni. A Khartum, lokacin zaman dirshan da aka fara ran 6 ga Afrilun 2019 a ƙofar hedikwatar soja, wanda ya kai ga tuɓe Umar al-Bashir ran 11 ga watan, ana kiran matan da ke gaba-gaba Kandaka, sarautar matan daular Kush ta dā, mai zane Ala Satir da wasunta suka cika bango da hotunan mata. Bayan kisan 3 ga Yuni, da aka watsa taron, sai aka bi katangun da fenti aka shafe da yawansu.

8/ Don haka na zaɓi "zanen bore". Zane ya haɗa harafi da hoto, tunda mukan ce a zana suna. Bore kuma shi ne ƙin bin mai iko a fili, ko da hannu wofi. Ban ɗauki "tawaye" ba, don kunnen Bahaushe na jin bindiga a cikinsa, yaran Dar'a kuwa gwangwanin fenti kawai suka riƙe.

9/ Na san za a ce ba kowane graffiti ne na siyasa ba, akwai matasan da sunansu kawai suke fesawa a jikin jirgin ƙasa a Amurka. Haka ne. Wannan a bar masa "rubutun bango", ya ishe shi. Ba dole kalmarmu ɗaya ta rufe duk inda ta Bature ta rufe ba.

10/ Yadda za ta zauna a jimla: mai yin sa, mai zanen bore, jam'i, zane-zanen bore. A kanun labari a ce "Hukumomin Masar sun shafe zanen boren titin Muhammad Mahmud", ko "An kama matasa uku kan zanen bore". 'Yan jarida da masu fassara, ku gwada ta a rubutunku da kan iska, mu ji ko ta zauna a baki.