Fasto ya ce in jira shekara biyu, ni kuma abin ya hana ni barci

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Ku yi mani haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban runtsa da kyau ba.

Shekarata 24. A gidan masu bi aka haife ni, can wajen Malumfashi. Kakana na cikin waɗanda suka fara karɓar bishara a ƙauyenmu, har yau ana nuna gindin tsamiyar da suke yin sujada kafin a gina majami'a. Da na gama sakandare na taho Katsina, na koyi gyaran waya, yanzu ina da ɗan teburina. Gaskiya da na shigo birni na lalace. Ba sai na tona komai ba, amma har maganin tari na kwalba na sha, kuma kusan shekara uku ban taka ƙofar coci ba sai ranar Kirsimeti, shi ma don kada Inna ta ji labari.

Bara lokacin Ista wani abokina ya ja ni taron matasa, na bi shi ne kawai don ya ce za a raba shinkafa. Ana cikin wa'azi janareta ya mutu, ga zafin Katsina kun san shi, mutane suka fara fita shan iska. Mai wa'azin bai tsaya ba, ya ajiye makirfo ya ci gaba da bakinsa a kan ɓataccen ɗan nan na Luka 15. Da ya zo inda uban ya hango ɗan tun daga nesa, sai na ji kamar an tsaga ƙirjina. Na yi kuka har rigata ta jiƙe. Daren nan na juye sauran kwalaben a kwata. An yi mani baftisma a Disamba. Na karance Sabon Alkawari sau biyu, yanzu ina cikin Ishaya, kowace Laraba ina azumi.

A Fabrairu na je gida jana'izar baffana. Akwai wani ƙauye kusa da namu, gidajen masu bi kamar goma sha biyar, mai bishararsu ya tashi tun daminar bara. Wata tsohuwa ce ke buɗe majami'ar ranar Lahadi, su yi waƙa biyu da ka, su yi addu'a su watse, don babu mai karatu sosai. Na karanta masu Yahaya 10. Da za ni tafi wani tsoho ya riƙe mani hannu ya ce, "Ɗana, yaushe za ka dawo?" Tun ranar sau uku ina mafarkin gona, dawa ta nuna, tsuntsaye na ta ci, ba mai kora.

Na sami fastonmu na gaya mashi duka. Ya saurare ni har na ida, sai ya ce mun gode wa Allah, in ɗauki ajin yara na makarantar Lahadi, in riƙa zuwa ranar Asabar ina shara da jera benci. Wai bayan shekara biyu in dattawa sun shaide ni, sai a rubuta mani takarda zuwa makarantar Littafi Mai Tsarki. Biyu a nan, uku ko huɗu a can, shekara biyar ko shida ke nan fa. Wannan tsohon zai kai? Akwai kuma wata 'yar magana da ta shiga tsakanina da wani dattijo, amma ba ita ce matsalar ba.

In sayar da teburina in tafi kafin ruwa ya sauka, ko in zauna ina shara?

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, ka zauna. Ban ce Allah bai kira ka ba, wannan tsakaninka da shi ne. Amma ɗanyen kasko ba ya kai ruwa ban ɗaki. Ka buɗe 1 Timoti sura 3, aya ta 6 ta hana a ba sabon tuba shugabanci, ta kuma faɗi dalili, wato girman kai. Ka ƙirga abubuwan da Bulus ya lissafa a surar. Ɗaya ne kaɗai ya shafi baki, iya koyarwa. Sauran duk hali ne: kamewa, rashin faɗa, rashin son kuɗi, riƙon gida, da shaidar kirki daga waɗanda ba masu bi ba. Babu mafarki a ciki.

Shekara 31 na yi a ƙauyuka. Kai kana ganin aikin shi ne tsayawa gaban mutane ranar Lahadi. Wa'azi minti arba'in ne a mako. Sauran kwanakin fa? Ƙarfe biyu na dare za a buga maka ƙofa, yaro na shiɗewa, uwar na kuka, kakar ta riga ta aika a kira boka. Wa da ƙane, dukansu mawaƙan coci, za su zo maka da rigimar iyakar gona, kowa na jiran ya ga inda za ka karkata. Mai mata biyu zai ce yana son baftisma. Me za ka ce mashi? A wace sura ta Ishaya ka karanta amsar? Musa shekara 40 ya yi yana kiwon tumakin surukinsa a Madayana. Ubangijinmu da kansa sai da ya kai wajen shekara 30 kafin ya fara. Kai watanka nawa?

Matashin Sabon Rai:
Baba, da girmamawa, irin wannan magana ce ta sa majami'un ƙauye suka zama ɗakin ajiyar masara. Mutumin ƙasar Garasinawa da aka fitar wa aljanu, ranar nan Yesu ya ce ya koma gida ya ba da labari, Markus 5:19. Wace makaranta ya shiga? Irmiya ya ce shi yaro ne, Allah ya ce kada ya sake faɗin haka. Turawan mishan uku na ƙungiyar SIM da suka sauka Legas a 1893, ɗayansu Rowland Bingham bai wuce shekara 21 ba. Da sun jira dattawa, da yau ina muke? Ɗan'uwa ka tashi ka tafi, wanda ya kira ka shi zai koya maka.

Baba Mai Ritaya:
Tunda ka ɗauko tarihi sai ka ida shi. Cikin su ukun, Walter Gowans da Thomas Kent sun mutu a 1894, ɗaya a Girku ɗaya a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi, ya sake zuwa ya sake komawa, sai a 1902 aka iya kafa tasha a Patigi. Ban raina jininsu ba, amma zafin zuciya kaɗai bai kafa ikilisiya ko ɗaya ba. Mai aljanun nan kuma gida aka aike shi ya ba da shaida, ba a damƙa mashi garke ba. Bulus ma sai da ya tafi Arabiya.

Malama Ta Layout:
Baba a nan kam zan ɗan gyara. Ayyukan Manzanni 9:20 ta nuna Bulus ya fara wa'azi a majami'un Dimashƙu nan da nan. Abin da ya ɗauki shekaru shi ne aike. Sai a sura 13 ikilisiyar Antakiya ta yi azumi, ta ɗora masu hannu shi da Barnaba, ta sallame su. Wato shaida daban, aike daban. Kai kuma Ɗan Ƙofar Ƙaura, me zai hana ka roƙi Fasto ya bar ka kana zuwa ƙauyen Lahadi biyu a wata, kana karanta masu Littafi, kana dawowa kana gaya mashi abin da ka tarar?

Maman Tagwaye:
Ni dai tambayata, kana da niyyar aure? Don in kana da ita, ka gaya wa yarinyar gaskiya tun yanzu. Ni ba wanda ya gaya mani. Shekara tara muka yi a wani ƙauye da maigidana, albashin sai a yi wata huɗu ba a gani ba, in ka yi magana a ce ladanka na sama. Da kaka a kawo mana dami biyu na gero, shi ke nan zakkar shekara. Ƙuli-ƙuli na riƙa yi ina kai kasuwa muna sayen sabulu. Ranar da zan haifi tagwayen nan a kan amalanke aka fito da ni zuwa bakin titi. Manya kau in sun zo ziyara da mota, kazarmu ɗaya ita za a yanka masu. Kuma yanzu ga ɓarayin daji. Ka tambaya me ya tashi mai bisharar can? Ba ka faɗa mana ba.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Na gode Baba, na gode Mama. Maganar aure ba yanzu ba. Mai bisharar ban tambaya ba gaskiya, amma ko mene ne, ni ɗan yankin ne, na san hanya. Malama, zuwa sau biyu a wata kuɗin mota zai cinye abin da nake samu, kuma na san Fasto ba zai yarda ba. Baba, ni ban ce zan zama fasto ba, karatu kawai zan riƙa yi masu. Kuma girman kan da ake faɗa, wanda ya zubar da kwalabensa a kwata yana kuka ina ya ga girman kai?

Mai Jiran Aiki:
Ku da ke cewa makaranta, makaranta. Ni na yi shekara huɗu, na fito da difloma, shekara biyu ke nan ina zaune ba a tura ni ko'ina ba. Kabu-kabu nake yi da mashin ɗin yayana. Wanda muka gama tare, da yake ɗan babban rabaran ne, wata uku aka ba shi coci a cikin gari. To ina amfanin jiran? Ɗan'uwa in ka bi layi tsufa za ka yi a layi.

Baba Mai Ritaya:
Ga ƙauye can babu makiyayi, ga ka da difloma. Ka nemi a tura ka?

Mai Jiran Aiki:
Baba ina da iyali, yarana na makaranta.

Ɗan Katolika Daga Funtua:
Mu wajenmu kafin a naɗa mutum fada, wato firist, yakan yi wajen shekara tara, falsafa da tauhidi da shekarar aiki a ikilisiya, kuma ana sallamar wasu a hanya. Amma ƙauyuka ba fada ke riƙe su kullum ba, katikis ne, mutumin garin da aka horar yana karatu yana koyarwa ƙarƙashin fada. Bishop ɗinmu na Katsina, Gerald Mamman Musa, da aka naɗa a 2023, shi ma ɗan Malumfashi ne. Abin da na gani shi ne ko katikis ba ya aiken kansa.

Malama Ta Layout:
Ka ce ka san Fasto ba zai yarda ba. Ka tambaye shi? Sannan wannan 'yar maganar da dattijo, wace magana ce? Kai ka kawo ta, mu ba mu tambaya ba.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
To tunda ana so a ji. Matasa mun yi karo-karo za mu sayi kayan kiɗa, aka ba ni ajiya. Kasuwa ta tsaya mani, na ɗauki dubu arba'in na sayi gilasan waya da niyyar in mayar cikin sati biyu. Kayan suka zo rabinsu ba su aiki. Dattijon nan maimakon ya kira ni gefe, sai ya tambaye ni gaban yara bayan sujada. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, na faɗi abin da bai kamata ba. Amma na riga na mayar da dubu ashirin da biyar, saura sha biyar, in na sayar da teburin zan cika. Ba sata ba ce. Kuma shi ma Matiyu 18 ta ce ka fara samun ɗan'uwanka ku biyu, bai yi ba. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku, bayan kamar kwana hamsin ya tsaya ranar Fentikos mutum wajen dubu uku suka tuba. Wa ya ce mashi ya yi shara shekara biyu?

Baba Mai Ritaya:
Yauwa, ga inda gizo ke saƙar. Ɗana, fastonka mutumin kirki ne, wani da horo zai sa ka, ya hana ka cin Jibin Ubangiji. Bitrus shekara uku ya yi yana bin Ubangiji da ƙafa, ana tsawata mashi gaban 'yan'uwansa yana haɗiyewa. A ƙauyen da kake son zuwa babu ma'aji, babu dattijon da zai tambaye ka. Baikon Lahadi a hannunka za a zuba, tsofaffin nan ba za su ƙirga ba, kuma yunwar can ta fi ta Katsina. Matiyu 5:23 da 24 ta ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka na da magana da kai, ka ajiye shi ka je ku shirya tukuna. Ka je gidan dattijon nan ka durƙusa. Ka biya sha biyar ɗin daga gumin teburin, ba daga kuɗin sayar da shi ba.

Matashin Sabon Rai:
Kun gani ko? Yaro ya faɗi gaskiya an mayar da ita sanda. Shi ya sa matasa ke guduwa sababbin coci-coci. Wanda bai taɓa cin bashi ba a zauren nan ya ɗaga hannu.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Baba ni ban ƙi ba da haƙuri ba, amma shi ya fara tozarta ni. Kuma duk kun bar maganar mutanen can kun koma kan dubu sha biyar. Ko na biya gobe, ranar Lahadi tsohuwar nan ce za ta buɗe majami'a su yi waƙa biyu su watse. Akwai wanda ya taya teburin da kayan aikin, na ce ya ba ni zuwa Juma'a. Zan shiga azumin kwana uku in ji abin da Ubangiji zai ce.

Mai Jiran Aiki:
Nawa ya taya? Har da injin hura zafin nan na cire gilashi? Ka yi mani magana ta gefe.

Maman Tagwaye:
Innarka ta san da wannan shiri kau? Kuma har yanzu ba ka bincika abin da ya tashi mai bisharar ba.