Ana cike fadamar bayan layinmu da jan ƙasa, ya za mu yi?

Baban Ummi:
Salam jama'a, don Allah shawara nake nema. Shekarata 9 a wajajen Kubwa a Abuja, a bayan layinmu akwai wata 'yar fadama da ruwa ke kwanciya tun daga damina har shigowar sanyi, da yamma za ka ga balbelu sun yi fari fat a kan bishiyar tsakiya, ga wani zalɓe da kullum yana tsaye ƙiƙam a bakin ruwan, yarana har suna suka sa masa wai Maigadi. To yau sati biyu kenan tifa na ta juye jan ƙasa da ɓaraguzai a wurin, wai wani ne ya saya zai gina gidajen haya. Wasu maƙwabta murna ma suke. Ni dai hankalina bai kwanta ba amma ban san ta ina zan fara ba.

Maman Haidar:
Haba Baban Ummi, tsuntsu ne zai biya maka kuɗin maganin zazzaɓi? Ni wallahi a cike, sauro da kukan kwaɗi sun ishi mutane, ga macizai.

Injiniya Gwarinpa:
Hajiya Allah ya huci zuciyarki, amma leƙa kwatar ƙofar gida da ta toshe da leda da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye tukunna, nan sauro ya fi samun sakewa don babu mai taɓa shi, a fadama mai rai kuwa ƙananan kifaye da 'ya'yan mazari suna cinye tsutsarsa. Kuma maganar ta wuce tsuntsu. Fadama kamar soso take, ta shanye ruwan sama ta riƙa sakinsa a hankali, wani ya gangara rafi wani ya nutse ƙasa, shi ne rijiyoyinku ke samu da rani. Ka cike ta ka zuba kankare, ruwan ba fasa zuwa zai yi ba, falon wanda ya fi kowa gangare zai nufa. Mun ga abin da ya faru a Lugbe a Yunin 2023, motoci har rufinsu a ruwa, Lokogoma ma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Baban Ummi kada ka tsaya cacar baki da direban tifa, shi ɗan aike ne. Ku ɗauki hotuna da kwanan wata, ku haɗa kai da mai unguwa da ƙungiyar mazauna layin, ku rubuta koke zuwa sashen kula da gine-gine na Abuja da hukumar muhalli AEPB, a duba ko filin hanyar ruwa ne a taswira. Ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.

Ɗan Rikkos:
Mu nan Jos kududdufan da haƙar kuza ta bari ne namu, da su ake noman rani na kabeji da karas da latas, tsuntsayen ruwa ma na sauka. Amma gaskiya ɗaya ce, in kun ceto wurin ku daina zuba masa shara da ruwan wanki, in ba haka ba kainuwa ce za ta rufe shi ruf, kifi ya mutu, wari ya tashi, Hajiya ta ce ai na faɗa. Mutanen Hadeja da Nguru ma da dausayinsu ke cikin jerin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, wato yarjejeniyar duniya ta kare dausayi, ciyawar kachalla ta hana su sakat tun da madatsun Tiga da Challawa suka canza tafiyar ruwa, balle 'yar fadamar unguwa.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai. Na yi wa mai unguwa magana bayan Magariba, ya ce mu zo da takardar ranar Litinin. Maman Haidar gidanki ne fa na ƙarshe a gangaren, in kawo ki sa hannu ko in wuce?